Shekarar da Bajamushe Ya Hana Ni Magana

Shekarar korona ta ba ni wuya, babu abin ɓoyewa. Na yi dako a Kantin Kwari, na kwana a tasha, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Saboda ku nake rubuta wannan babin, Sadiya da Mubarak da Ummi, domin na san abin da aka faɗa muku a lokacin: wai ubanku ya je Malesiya ya shiga koyon waƙar coci a wajen wani Bature. Wanda ya fara yaɗa maganar bai zo ya tambaye ni ba, ku kuma kunya ta hana ku. To ga yadda aka yi.

A lokacin ina zaune a gidan ƙanena, baffanku Dakta Kabiru, a wani dogon bene a Sri Petaling, tare da matarsa Zainab da 'yarsu Amira. Shi malamin jami'a ne, ni ko firamare ban gama ba. Sana'ata in bi shagunan Jalan Masjid India in saya wa 'yan kasuwar Kano mayafai da yaduka, in ɗaure in aika. 'Yan Najeriyar da ke unguwar kowa da digirinsa ko yana kan nema, in hira ta koma Turanci sai in riƙa gyaɗa kai kamar ƙadangare. Abu ɗaya nake da shi wanda ba su da shi, murya. Kakanku ladan ne, kun sani, a gefensa na tashi, kuma na gaji yadda yake jan hayya alas salah da numfashi ɗaya har mutum ya zaci ba za ta ƙare ba. A ƙasan benenmu akwai ƙaramin masallaci irin wanda 'yan ƙasar ke kira surau. Dattijon da ke kula da shi, Pak Cik muke ce masa, wato kawu, ya ji na kira salla wata rana da mai kiran bai zo ba, tun daga nan ya bar mini. Ba a biyana ko sisi. Amma in na sauko, masu digiri uku ma cewa suke, Ladan, ina kwana. A ƙasar nan wannan ne kaɗai girmana.

Sai aka saka dokar kulle, aka rufe shaguna, aka rufe surau. Muka daɗe a gida kamar kaji a akurki. Can sai cutar ta kama ni. Ba zan ba ku labarin asibiti ba, ba na son tunawa. Na dai fito da rai, wanda wasu ba su fito da shi ba, amma na fito ba numfashi, muryar kuma kamar ana yaga tsohon yadi. Likita ya ce in huta da magana. Na ɗauka irin abin nan ne da suke faɗa wa kowa.

Ƙofar da ke kallon tamu, ta wani tsohon Bature ce, Bajamushe, sunansa Matiyas. Ni fa ba na son sa, gaskiya ɗaya ce. In mun haɗu a lif, wata rana in gaishe shi ya amsa har da dariya, wata rana kuma ya ɗora hannu a maƙogwaro ya gyaɗa kai kawai. Na ce wa Kabiru mutumin da zai amsa gaisuwa yau ya ƙi amsawa gobe ba mutumin kirki ba ne. Ga shi kullum da hantsi sai ya yi ta wani ihu, yana hawa yana sauka, ba kalma ko ɗaya a ciki. Amira ta kan zo da gudu ta ce, Baffa, uncle ɗin nan ya fara kuka again.

Bayan na ɗan samu ƙarfi Pak Cik ya bugo waya, ya ce ana maganar za a ba da izinin buɗe surau, kowa da takunkumi da dardumarsa.

Ya ce, "Boleh?"

Na ce, "Boleh." Wato zan iya. Da bakina na faɗa.

Da la'asar na fita matattakalar bene inda ba kowa, don in gwada. Na sa yatsu a kunne na ɗaga Allahu akbar. A tsakiya ta tsinke. Na sake, tari ya sarƙe ni har na durƙusa. Na tashi zan yi na uku sai na ji an buɗe ƙofa. Baturen ne, da takunkumi, ya tsaya can nesa. Turancina na kasuwa ne, amma shi ma a hankali yake magana, don haka na fahimce shi.

"Ka daina," in ji shi. "Yanka kanka kake yi."

Na ce, "Ina ruwanka?"

"Da ruwana. Tun da na zo gidan nan nake jin ka ta taga. Kai tena ne kamar ni, kana ɓata kayan aiki ina ji."

Ban san mene ne tena ba. Daga baya ya faɗa mini, namiji mai muryar sama ke nan, a wajensu kowace murya da sunanta. Ya ce in zo gobe da hantsi, ni a bakin ƙofarmu shi a bakin tasa. Ban ce zan zo ba. Amma da na kwanta na lissafa, in muryar nan ta tafi, ni wane ne a wannan bene? Wani yayan Dakta da ke cin abinci. Da hantsi na fito.

Ku saurara da kyau, nan ne aka yi mini ƙarya. Mutumin nan bai taɓa koya mini waƙa ba, ko baiti ɗaya. Kalmomin kiran salla kuwa ko taɓa su bai yi ba, cewa ya yi kalmomin naka ne, ni numfashi kawai na sani. Ya sa na kwanta a dandamalin baranda ya ce in ɗora hannu a ciki, in ja iska har hannun ya tashi. Ya sa na riƙa hura ruwa a kofi da tsinken shan lemo kamar yaro. Ni da na yi shekaru ina zaton murya daga maƙogwaro take, ina ɗura mata citta da kanumfari, sai ga shi wai daga ciki take, maƙogwaro ƙofa ce kawai. In na gaji sai ya zauna a kujerarsa ya ba ni labarin kansa, ni ban tambaya ba, amma kulle ya sa kowa yana neman wanda zai saurare shi.

Ɗan mai gasa burodi ne a wani ƙaramin gari. Yana yaro ya yi waƙa a cocinsu, da muryarsa ta fashe ya koma taya ubansa kwaɓa fulawa, sai da wani malami ya ji shi yana waƙa a bakin tanda ya matsa aka kai shi makarantar kiɗa. Daga nan ya shiga abin da suke kira opera, wasan kwaikwayo ne amma komai da waƙa ake faɗa, ko mutum zai mutu sai ya rera. Babu lasifika, makaɗa cike da rami a gabanka, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji ka. Ya fara a ƙaramin gidan wasa inda kowane matsayi aka ba shi yi yake, soja, bawa, maye. A hankali ya hau, ya zama shi ne ɗan sarki, shi ne saurayin da ake so. Ya nuna tumbinsa ya ce da wannan ya yi ta fitowa a saurayi har ya kusa hamsin, kuma mata suna kuka. Ranar da zai hau dandamali ba ya magana da kowa tun safe, ko matarsa, don ya ajiye muryar. Abin ya zame masa jiki, duk ranar da ya ji maƙogwaron ya gaji sai ya kulle baki. Nan na gane abin da ke faruwa a lif. Na ji kunya.

Sai wata shekara mura ta kama shi ana gobe babban wasa. Likita ya ce kada ya yi. Masu gidan wasan suka yi ta roƙo, an sayar da tikiti, babu wanda zai maye gurbinsa. Ya yi. Aka yi ta tafi. Da safe ya tashi babu murya, da ta dawo kuma ta dawo ba can samanta, inda ake biyan tena dominsa.

"Dare ɗaya," in ji shi. "Aka daina ba ni ɗan sarki."

Bai bar waƙa ba. Ya koma irin wadda ake tsayawa wuri ɗaya da baƙar kwat, littafi a hannu, a manyan zauruka da coci-coci, shi ne mai ba da labari a cikin waƙar. Ya ce a nan ya koyi cewa ba tsawo ne waƙa ba, a ji abin da kake faɗa shi ne waƙa. Ya zagaya duniya da wannan, sannan ya koma koyarwa. Kuala Lumpur ya zo ne ya koyar na ɗan lokaci a wata makaranta, aka kuma shirya zai yi waƙa sau ɗaya a zaure, wadda ya yi niyyar ta zama ta ƙarshe a rayuwarsa. Kulle ya zo, aka soke. Ya zauna a ɗaki da baƙar kwat ɗinsa a rataye.

Da ya ga numfashin ya fara dawowa amma muryar na nan a yage, sai ya kafa mini doka. Ba magana, ko kaɗan, sai ranar da ya ce. Na ce to. Amma ku kun san mu. Mutum ya yi maka sallama ka ƙi amsawa? Zainab ta ce Yaya ina kwana in yi mata shiru? 'Yan kasuwa su bugo daga Kano su tambayi lafiyata in kashe? Sai na samo dabara, na riƙa amsawa da raɗa. Wuni guda ina raɗa, lafiya lau, da godiya, ya iyali, ya ƙoƙari, kowa da nasa jerin. A ganina ban karya doka ba, tun da sauti bai fita ba. Da ya sake gwada ni ya ji abin ya ƙara lalacewa, sai ya tsare ni da ido.

"Magana kake yi."

Na raɗa masa cewa wallahi raɗa kawai nake.

Ya dafe kai da hannu biyu. Ya ce raɗa ta fi ihu ɓarna, tana matse maƙogwaro kamar ana murɗa wanki. Ya ce mutum nawa nake gaisarwa a rana? Kabiru da ke tsaye ya fashe da dariya ya ce, ka tambayi sau nawa yake gaida mutum ɗaya.

Aka sake sabon lale. Wannan karon na kulle bakin da gaske, sallama ma a zuci nake amsawa in ɗaga hannu. Nan gidan ya ɗau zafi. Zainab mace ce mai kirki, ta yi jinyata kamar ubanta, amma ba ta ɓoye abin da ke ranta.

"Yaya, ka yi haƙuri, amma mutumin da ke waƙa a coci shi ne zai gyara maka kiran salla? Matan bene na ta magana fa. Wai ka daina amsa sallama."

Kabiru ya ce, "Ki bar shi mana, vocal rest ne, likita ma ya faɗa."

"Likita ya faɗa bai ji ba, sai da Bature ya faɗa?"

Ita kuma ta yi gaskiya.

Abin da ban lissafa ba shi ne Inna. Kakarku tana tare da ku a Kano, yanar ido ta hana ta gani, da murya take gane mutum. Da ina asibiti an ɓoye mata, aka ce waya ce ba ta shiga. Da na fito na gaishe ta sau ɗaya da yagaggiyar murya, ta ce wannan ba Sani ba ne. Yanzu kuma aka ce mata Sani yana nan lafiya amma ba zai yi magana ba. Inna ta san wannan hanyar. Ita da kanta ta sha ɓoye wa tsofaffi mutuwa, a ce yana barci, a ce ya fita, har a samu wanda zai zo ya faɗa. Ta gama lissafinta ta ce na mutu ana ɓoye mata. Ta daina cin abinci. Sadiya, ke kika riƙa kai mata kunu tana turewa, ba sai na faɗa miki ba.

Ranar da mahaifiyarku ta bugo wa Kabiru tana kuka, a Malesiya rana ta take, a Kano asuba. Kabiru ya ce, "Yaya, Inna ce fa." Na tashi na ƙwanƙwasa ƙofar Matiyas, Kabiru ya yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe.

"Me ya kawo ku wajena? Ka kira uwarka. Amma ka zauna, hannu a ciki, murya ƙasa-ƙasa, ba raɗa. Magana kaɗan ka ajiye."

Aka kawo kujera baranda, aka bugo, aka sa wayar a kunnen Inna. Na ce, "Inna, ni ne Sani. Ina kwana."

Ta ce, "Kabiru, kada ka yi mini wasa da hankali. Wa ka samo?"

Na ce ni ne. Na faɗa mata sunan da take kirana da shi ina yaro. Ta ce wannan Kabiru ma ya sani.

"In kai ne, asuba ta yi a nan, ladaninmu bai kira ba. Kira mini salla in ji."

Kabiru ya fassara wa Matiyas. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna maƙogwaronsa, ya nuna ni, ya ce in na yi yanzu ba zai iya yi mini alkawarin komai ba. Na san abin da yake nufi, labarinsa na cikin kaina. Na kalli wayar. Ina jin numfashin Inna a ciki. Na miƙe tsaye na fuskanci alƙibla.

Da ya ga ba zan fasa ba, bai tafi ba. Ya zo ya tsaya ta gefena inda zan gan shi, ya ɗora hannu ɗaya a cikinsa, ɗayan ya ɗaga. Ya daɗe yana jin kiran nan ta taga, ya san inda kowace jimla take ƙarewa. In ya sauke hannu in ja iska, in ya ɗaga in tafi. Na yi Allahu akbar ta fita. Na yi shahada. Da na zo hayya alas salah jikina ya nemi ya ja ta irin ta kakanku, ya kuwa yi mini alamar in yanke. Ban yanke ba. Wannan jan shi ne abin da Inna take jira. Na ja, na ji wani abu kamar an soka mini ƙaya, na ƙarasa da abin da ya rage. Zainab tana bakin ƙofa da mayafi a fuska.

Inna ta ce, "Kai ne. Me ya ci maka murya haka?"

Na ce ciwo na yi, Inna, na warke.

"To ku riƙa faɗa wa mutum gaskiya. Sadiya, ina kunun nan?"

Da yamma babu murya ko ta raɗa. Aka buɗe surau ba da ni ba, wani matashi ɗan Indonesiya ya karɓi kiran, ina jin sa daga sama ina kwance. Matiyas ya yi fushi wuni guda, bai buɗe ƙofa ba. Kashegari ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ka yi abin da na yi. Sai dai ni masu tikiti na yi wa. Ɗauko kofinka." Muka koma hura ruwa. Daga ranar Zainab ta riƙa zuba masa tuwon shinkafa da miyar kuka, in an yi tapau, wato an sayo abinci a ƙunshe daga shagon abincin da ake kira mamak, a yi da shi. Ba ta janye maganarta ba, ta dai ce tsoho ne kuma ba shi da kowa.

Muryar ta dawo, amma ba duka ba. Samanta ya tafi, jan nan na kakanku ya tafi, har yau ban sake iya shi ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ba ya yi mini ciwo ba. Mubarak, in kana so sai dai ka koya a wajen baffanka na Fagge. Matiyas ya gina mini abin da ya rage. Ya saukar da ni ƙasa, ya koya mini in tsaya inda magana ta tsaya in ja iska ba tare da jin kunya ba. Bai karɓi komai a hannuna ba. Na taɓa kai masa yadi mai kyau, ya ce me zai ɗinka, mai baƙar kwat ɗaya da ba ta da inda za ta je.

Da aka buɗe hanyar jirage ya samu kujera. Ranar da zai tafi na roƙi Pak Cik ya bar ni in kira la'asar. Matiyas ya tsaya a wajen ajiye motoci da akwatunansa, direba na jira. Na kira, gajere, ƙasa-ƙasa, babu inda ta tsinke. Da na leƙo ya ce na ɗaga kafaɗa a jimla ta huɗu, in daina. Na ce na gode, Allah Ya saka da alheri, Allah Ya kai ka gida lafiya. Ban san nawa ya fahimta ba. Ya shiga mota. Ban taɓa jin sa a zaure ba, ban san ko ya samu ya yi waƙarsa ta ƙarshe ba. Na dai san duk wanda ya ce muku mutumin nan ya raba ni da addinina, ku ce masa shi ya mai da ni bakin masallaci.

Bayan salla Pak Cik ya kira ni gefe. Ya ce yaron nan ɗan Indonesiya ya saba, ba zai kore shi ba. Na ce haka ne. Sai ya ce amma masu jarirai suna ƙorafin muryar yaron da asuba, tawa ta yanzu kuwa ba ta firgita kowa. Ya ciro mabuɗi daga aljihu ya miƙo mini.

Washegari na riga kowa sauka. Na buɗe surau, na kunna fitila da fanka, na shimfiɗa dardumata, na tsaya ina kallon agogo har lokaci ya yi.